Likita Ya Amsa: Sukari da Sankarar Mama

Likita, wai shan sukari ne ke kawo sankarar mama? Wata uwa daga Gusau.

Kai tsaye dai a'a, Hajiya. Sai dai yawan zaƙi na kawo ƙiba, ita kuwa ƙiba bayan mace ta daina al'ada tana ƙara haɗarin, domin kitse na samar da estrogen, wani sinadarin jikin mata da ke iya ƙarfafa girman cutar. Ki rage lemon kwalba. In kin ji ƙululu a mama, ki je asibiti.

Yayata ta fara kemoterafi, wato maganin sankara na asibiti, sai wani mai magani ya ce ta bar tuwo da shinkafa, ta riƙa shan jiƙo kawai, wai yunwa za ta kashe cutar. Yanzu ta daina zuwa asibiti, duk ta rame. Wata baiwar Allah daga Funtuwa.

Ƙanwata, wannan tambaya ta tayar min da hankali. Ku mayar da ita asibiti a wannan makon.

Abin da ya sa maganar ke shiga kunne, akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Tun shekarun 1920 wani masanin kimiyya Bajamushe, Otto Warburg, ya lura cewa ƙwayoyin sankara na zuƙar sukari fiye da lafiyayyu. Suna yawaita ƙofofin shigar sukari da ake kira GLUT1, wani sinadari mai suna hexokinase ya riƙe shi a ciki, sannan wani mai suna LDH ya mayar da ragowar zuwa wani sinadari mai tsami da ake kira lactate, ko da kuwa akwai iskar oksijin. Gutsattsarin da ke fita a hanya su ne tubalin gina sababbin ƙwayoyi. Wannan haɗamar ce ma ke tona asirin cutar a hoton asibiti na PET, wanda ke nuna inda ake zuƙar sukari da yawa a jiki.

Ga inda mai jiƙo ya ɓata. Jiki ba ya barin sukarin jini ya ƙare, domin ƙwaƙwalwa na buƙatarsa. In abinci bai shigo ba, hanta ce za ta ƙera sukari, har da narkar da tsokar mutum. Cutar ta samu rabonta, yayarki ce ke ƙarewa. Wadda ta rame haka kuwa, wani lokaci dole likita ya ɗage mata magani ko tiyata.

Haba jama'a! Yau hana abinci, gobe sakiya, jibi a liƙa garin magani a kan gyambo, sai abu ya fashe a kawo mana ita ranga-ranga. Ku ba yayarki tuwo, wake, ƙwai, kifi da ganye. Ku faɗa wa likitanta jiƙon da ta sha, kada ku ɓoye, domin wasu na taɓa hanta da ƙoda.

Na ji metformin, maganin ciwon sukari, na maganin sankara. In saya wa matata? Wani magidanci daga Maradi.

Kada ka saya, Malam. An gwada shi a kan mata sama da 3,600 masu sankarar mama marasa ciwon sukari, sakamakon da ya fito a 2022 bai nuna ya hana cutar dawowa ba. In tana da ciwon sukari, likitanta ne zai rubuta mata, kuma kada ta tsallake ranar ganinsa.