Haihuwa a Gida da Ungozoma: Amsoshin Tambayoyinku

Likita, cikina na uku ke nan. A haihuwar baya wata ma'aikaciyar asibiti ta yi ta daka mini tsawa, har ta ɗaɗa mini duka a cinya. Yanzu so nake in haihu a ɗakina, ƙwararriyar ungozoma na kusa. Me kika gani? Daga Zariya.

'Yar'uwa, an zalunce ki, kuma raina ya ɓaci da jin haka. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta jaddada cewa mai naƙuda a rufa mata asiri, a nemi izininta kafin a duba ta, ta zaɓi wadda za ta zauna da ita, ta durƙusa ko ta kishingiɗa yadda jikinta ya fi so. Na taɓa ganin wata ungozoma tana shafa wa mai naƙuda baya, ta kai mata ruwa baki, tana cewa "sannu, kin kusa". Matar ba ta taɓa mantawa ba.

Sai dai mutuntawa ta haɗa da faɗa miki gaskiya. Gida ya dace ne kawai idan awo ya nuna babu hawan jini, jininki ya isa, ɗa guda ne, kansa yana ƙasa, kuma ba a taɓa yi miki aiki ba. Ki tanadi mota, kuɗi da mai ba da jini tun kafin watan haihuwa. Ki tambayi ungozomar ko tana da maganin tsai da jini, irin su misoprostol, wanda ba a sha sai jariri ya fito. Zubar jini, jijjiga, matsanancin ciwon kai, ko mabiyiya ta wuce rabin awa ba ta faɗo ba: asibiti nan take.

Likita, surukata ta ce a gasa cibiyar jariri da tsumma mai zafi a shafa man goge baki.

Kada ki yarda. Man chlorhexidine kawai, mai kashe ƙwayoyin cuta, da hannu mai tsabta.

'Yata na da cikin fari, shekarunta 17, ta zo goyon ciki. Kunyar asibiti take ji.

Hajiya, wannan kam ki kai ta. Ƙugun yarinya kan matse, naƙudar da ta haura awa 12 kuma tana iya jawo yoyon fitsari, wani lokaci a rasa jaririn. Ki raka ta da kanki, ki roƙi a sa labule, mace ta duba ta, ki riƙe mata hannu har ta sauka.