Amarya, ki auna ɗakin kafin ki je wurin kafinta

Amarya, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya. Kin ce ciki da falo ne, kuɗin ba yawa, kina tambayar yadda za ki tsara shi da kalar da za ki zaɓa. Na ga kowa ya yi caa a kan kala, ni kuwa ba ta nan zan faro ba, don ba kala ce ta ba ni kunya ranar jerena ba.

Ɗakina ƙafa 12 ne ta kowane gefe. Baba, Allah ya saka masa, ya sa aka yi mini gado mai ƙafa 6 tsawo 6 faɗi, da sif mai ƙofa huɗu, da madubi da durowarsa, ba wanda ya je ya ga ɗakin. Gadon kaɗai ya cinye kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasa. Da 'yan jere suka gama ja da turawa, ƙofar sif ta ƙarshe da ta buɗe rabi sai ta daki gado. Shekara uku da gefe nake zura hannu in ciro zani. A falo kuwa kujeru ne masu cin mutum bakwai, ɗaya ta ƙi samun wuri, ta ƙare a baranda rana ta cinye ta.

Saboda haka ki tura ƙaninki da tef ya auno tsawo da faɗi, da faɗin ƙofa, da inda taga da soket suke. Tun ran gini ran zane. Ki bar hanyar wucewa kamar ƙafa 3, tsakanin kujera da teburin tsakiya kuma ƙafa ɗaya da rabi. Ki tambayi inda alƙibla take, ki ware wurin da darduma za ta shimfiɗu ba sai an ja tebur ba. Kada ki manta mu mata in muka zo barka a ƙasa muke baje, falon da ba fili ƙunci ne komai tsadar kayansa. Doguwar kujera ɗaya da ƙanana biyu, da tumtum guda biyu a gefe, sun ishe ki.

To, kala. Masu harkar ado suna da wani lissafi: kashi 60, kashi 30, kashi 10. Babban kason na bango da ƙasa ne, ki ba shi mai sanyi, ruwan madara ko ruwan toka mai haske. Na tsakiya kujeru da labule, misali ruwan ƙasa. Ƙaramin shi ne na kwalliya, ruwan goro ko ruwan gwal, a matasan kujera da firam. In kafet ɗinki mai zane ne, labule ya zama marar zane, kada su yi ta faɗa da juna. Kuma in za ki Kantin Kwari ki karɓi ƙyallen yadin kujerar wurin kafinta ki tafi da shi, ki fito bakin shago ki kara shi da yadin labulen a hasken rana. Hoton waya maƙaryaci ne.

Labule ki kafa ƙarfensa can sama kusa da silin, ya sauko har ya kusa taɓa ƙasa, faɗin yadin ya ninka na taga sau biyu. Ɗakin zai yi kamar an ƙara masa tsayi. Ƙwan fitila kuma ki duba jikin kwalin: mai 6500K fari ne fat, ya dace da kicin, mai 3000K shi ke da ɗan ruwan zuma, shi ke fito da kyan falo da dare.

Sai tarkacen ado. Furannin roba da 'yan gilasai ranar kai amarya kawai suke burgewa. Bari hunturu ya kama, ki goge da safe, kafin la'asar ki rubuta sunanki da yatsa a kai. Nawa na kwashe na raba wa yaran maƙwabta, na bar agogon bango ɗaya da kaskon turare. Abin da ya ragu na kuɗin, ki ƙara wa katifa da fanka.