Ina da folowas 7,000 amma ba ciniki, ina zan sa 30,000 ɗina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya gida ya yara. Ni matar aure ce a Kano, ina haɗa turaren wuta da humra a gida kusan shekara 2 kenan. Folowas ɗina a Instagram sun kai 7,000 amma gaskiya wajen 4,000 saye nayi. Kullum sai nayi fostin amma sai inyi sati ko kwalba ɗaya ban sayar ta can ba, masu saye duk 'yan uwa ne da maƙwabta. Wata tace in ƙara sayen folowas, wata tace in biya wata mai suna ta tallata min, wata kuma tace in biya Instagram ɗin kawai. Abinda na tara bai wuce 30,000 ba. Dan Allah wanne zanyi?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa wa sana'a albarka. Naji daɗi da baki ɓoye min zancen sayen folowas ɗin ba, da yawa sai sun ɓoye sai muyi ta neman ciwo a inda babu shi. Kafin komai, kar ki ƙara sayen ko guda ɗaya, kuma kar ki biya kowa kuɗin talla a watan nan, akwai gyaran da in ba'a yi shi ba duk abinda kika zuba ruwa ne a kwando.

Bari in fara da su folowas ɗin. Instagram ba ya nuna fostin ɗinki ga duk wanda yake bin ki, yana lura ne da yadda mutane suka karɓe shi, wa ya tsaya ya kalli bidiyon har ƙarshe, wa yayi magana a ƙasa, wa ya tura wa ƙawarsa, wa ya ajiye, in yaga ana motsi sai ya ƙara kai shi gaban wasu in yaga shiru sai ya kyale shi. To su 4,000 ɗin nan akawun ne da babu mutum a bayansu, basa kallo basa magana basa saye, taron tsintsiya ne ba shara. Kuma matan yanzu idonsu a buɗe yake, mace zata shigo shafinki taga mutum dubu bakwai amma hoto layik 11, nan take zuciyarta zata ce mata akwai lauje cikin naɗi, ta fita. Ki riƙa cire folowas ɗin da kika saya kaɗan kaɗan duk lokacin da kika samu sarari, zaki gane su, ba hoto, suna haruffa da lambobi barkatai, suna bin dubban mutane su ba mai bin su. Lambar zata sauka kuma zaki ji ba daɗi, ki daure.

Amma ko babu wannan, akwai babbar matsalar da tafi ta, kuma ita nake so ki zauna ki yi tunani akai. Ƙamshi baya bi ta waya. Mai sayar da atamfa daga Kantin Kwari in ta ɗauki hoto mai kyau ta gama rabin ciniki tunda ido ne ke saye, ke kuwa hanci ne ke sayen kayanki, hoton kwalba a kan tebur ba abinda yake gaya wa matar da bata taɓa jin turarenki ba. 'Yan uwa da maƙwabta da kika ce su ke saye, ai dalilin kenan, sun shiga ɗakinki sunji, sun rungume ki a biki sunji a mayafinki, kuma sun san gidanki in kaya baiyi ba. Wato abu biyu suke dashi wanda baƙuwar Instagram bata dashi, ta ji da hancinta kuma ta yarda dake. Duk aikin da zakiyi a waya shine ki samar wa baƙuwa waɗannan biyun.

Ta ɓangaren yarda, ki daina ɗora kwalba kawai, ki nuna aikin. Ranar da zaki haɗa, jingina wayar a jikin gwangwani kusa da taga da hantsi lokacin da haske yake da kyau, ki goge gilashin kyamarar da gefen zani tukunna, a ga hannunki yana tsince itacen, a ga hawi da gabgab da sandal kowanne a kwanonsa, a ga sikari yana narkewa, a ga kina juyawa kina zuba turarukan, a ƙarshe ki ɗora kaɗan a garwashi a kasko hayaƙin ya tashi a hankali. In baki son fuskarki ta fito ba dole, hannu da murya sun isa, dama muryar tafi komai, kiyi magana da Hausarki kamar kina gaya wa ƙawarki. Kuma ki koyi faɗin ƙamshi da baki. "Mai ƙamshi sosai" kowa haka yake cewa. Ki ce wannan mai sanyi ne na ɗakin kwana, wannan mai ƙarfi ne na falo in za'ayi baƙi, wannan in kika turara kaya kika ninke a durowa zai kwana biyu a jiki, wannan baya hawa kai ga mai juna biyu ko mai ciwon kai, amma fa sai in da gaske haka yake.

Nan zan ɗan tsaya in roƙe ki abu biyu. Kowa ya san a harkar humra da turaren wuta sunan Maiduguri da Chadi da Sudan yana da daraja, shi yasa wasu ke liƙa shi a kayan da aka haɗa a Kano. In kayan haɗinki daga can kike sarowa ki faɗa, in a hannun 'yar can kika koya ki faɗa, in ba haka ba kice haɗin hannuna ne, ba abin kunya bane. Na biyu kar ki shiga layin masu cewa turarensu yana mallake miji ko yana hana kishiya, yana kawo kuɗi da wuri na sani, amma cin amanar matan da suke cikin damuwa ne kuma ba sa dawowa.

Ta ɓangaren hanci kuwa, nan ne kason farko na kuɗinki zai tafi. Ki ware kamar 10,000 ki sayo ƙananan kwalabe da 'yan robobi da sitika mai sunan sana'arki da lambarki, kiyi ɗanɗano. Ki kai wa mai lallen unguwarku da mai kitso da telar mata, wuraren da mata ke zama awa biyu uku ba abinda suke sai hira, ki basu su riƙa kunnawa a shago, duk wadda ta tambaya a bata ƙaramar roba. Duk odar da kika tura ki jefa ɗanɗanon wani kala a ciki. Wannan shima talla ne, kuma a kayan ƙamshi ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba.

Sai WhatsApp. A ƙasar nan tamu Instagram da TikTok wurin gani ne, ciniki a WhatsApp ake ƙulla shi. In har yanzu na gama gari kike amfani dashi ki koma WhatsApp Business, kyauta ne, tun 2018 aka fito dashi saboda masu ƙananan sana'a irinki. Akwai wurin jera kaya da hoto da farashi, akwai saƙon da zai amsa da kansa in kina girki ko kina barci, akwai alamar da zaki maƙala wa kowace kwastoma, wannan sabuwa ce, wannan ta biya, wannan tana jiran kaya. Abinda mutane da yawa basu sani ba, sitatus ɗinki ba mai gani sai wadda kika ajiye lambarta itama ta ajiye taki, haka ma saƙon bai ɗaya da ake turawa mutum 256 a jeri guda, wadda bata ajiye lambarki ba bazai je mata ba. Saboda haka duk wadda ta miki magana ko bata saya ba, ki ajiye ta ki ce "Hajiya dan Allah ki yi sebin lambata zaki riƙa ganin sababbin kaya". Mata 200 na gaske masu buɗe sitatus ɗinki sun fi miki dubu bakwan can nesa ba kusa ba. Kar ki cika shi da hoto 40 a rana har ya koma ɗige ɗige a saman waya, 5 zuwa 7 sun isa, kuma kar ki riƙa jefa mutane a guruf ba izini, in suka yi ta kai ƙararki ana iya rufe lambar.

Farashi kuma ki rubuta shi a fili. Wannan al'adar ta "a zo inbos" tana korar mata masu kunyar tambaya, kuma tana sa a zaci kowa da kuɗin da kike yanka masa.

Akwai abinda nake nanatawa duk wadda na koyar. Shafin nan ba naki bane, aro aka baki, kayan aro kuwa baya rufe katara. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya wajen awa 6, dukkansu kamfani ɗaya ne ai. A shekarar ne gwamnati ta rufe Twitter daga Yuni har Janairun 2022, kuma a Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Wata da nake taimaka wa, wani ya kira ta yace daga ƙungiyar tallafin mata ne ta karanto masa lamba 6 da ta shigo wayarta, tana karantawa ya kwashe WhatsApp ɗin ya shiga karɓar kuɗin oda da sunanta, ranar tana kuka ta kira ni. Yau ɗin nan ki shiga saitin ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Instagram, lambar nan ko ni na tambaye ki kar ki bayar. Sannan ki sayi littafi mai bango mai tauri, suna, lamba, unguwa, abinda ta saya, ranar da ta saya. Littafin nan shine dukiyar sana'arki, kuma zai miki wani amfanin, turare ƙarewa yake, in kinga an kwana 30 ko 40 sai ki tura mata gaisuwa ki tambaya ya taji kayan, sau da yawa amsar da zaki samu itace "dama ina son in miki magana ya kusa ƙarewa".

Kuɗi da aike bazan ja ba. Sunan akawun ɗin da za'a tura kuɗi ya dace da sunan da aka san ki dashi, in hali yayi gaba ki yi rajistar sunan sana'a a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki buɗe akawun da shi. Kar ki saki kaya da hoton rasit ko saƙon alat, ki buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin sun zauna. Humra ki naɗe bakin kwalbar da salatif ki sa a leda ki ƙulle kafin kwali, in tasha zaki kai ki ɗauki hoton kwalin ki tura mata da lambar direba. In ta yaba, ki nemi izininta kafin ki ɗora maganarta, ki rufe suna da lamba.

To sai an yi wannan na sati 3 ko 4 sannan zancen biyan talla. Mai sunan da aka ce ki biya, manyan cikinsu dai 30,000 bazata kai ki ƙofarsu ba, kuma mabiyansu wasu maza ne wasu suna garuruwan da aike zai fi kayan tsada. In zakiyi, nemi ƙarama wadda matan Kano ke saurara, mai koyar da girki ko gyaran gida ko kwalliyar amare, ki ce ta nuna miki mutum nawa ke kallon abinda take ɗorawa da garuruwan da suke, manhajar tana nuna mata wannan, ki bata kayan tayi amfani dashi kafin ta buɗe baki. Amma ni a matsayinki biyan Instagram ɗin zan fara gwadawa, saboda ke zaki zaɓi wa zai gani. Ɗauki bidiyon da yafi samun karɓuwa da kansa, zaɓi mata kawai, Kano kawai, shekaru kamar 22 zuwa 50, maɓallin ya kawo su WhatsApp ɗinki kai tsaye, ki sa kuɗi kaɗan kullum na kwana 5 zuwa 7 maimakon zubawa rana ɗaya. Ki sani ana ɗora harajin VAT kashi 7.5 a kai, in kuma iPhone ce dake kar ki biya ta cikin manhajar don akwai ƙarin kashi 30 na Apple, ki shiga ta burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet. Kuma ki tabbata a kwanakin wayar na hannunki, wadda ta turo saƙo ta jira awa 5 ta riga ta saya wurin wata.

Ki yi lissafi da biro, kar layik ya ruɗe ki. A ce kin kashe 10,000, mata 40 sun yi magana, 5 sun saya, kenan kowace kwastoma ta tsaya miki 2,000. In ribar kwalba 1,500 ce kin faɗi a cinikin farko, sai in ta dawo karo na biyu da na uku ne kika ci, shi yasa na dage akan littafin can. Lokaci ma yana da tasiri, sati biyu kafin azumi da gab da sallah da lokacin da bukukuwa suka yi yawa sun fi tsakiyar wata da aljihu ya bushe.

Saboda haka 10,000 ɗanɗano da sitika, 10,000 gwajin talla bayan wata ɗaya, ragowar 10,000 ki bar ta ta data da kayan haɗi don kar oda ta zo ki rasa abin cikawa. Bayan wata ɗaya ki sake rubuto min da abu 3, mutum nawa ke kallon sitatus ɗinki yanzu, baƙi nawa suka saya, nawa ne suka dawo, daga nan sai mu ga ko lokacin ƙara kuɗin tallan yayi. Ki gaida maigidan da yara.