Ni da Yayana, Wa Ya Fi Gaskiya Kan Tattalin Arziki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a nan Sakkwato. Kusan kullum bayan sallar isha sai mun yi musu da yayana mai sayar da kayan gini. Shi cewa yake yi tattalin arzikin Najeriya ya fara farfaɗowa, hauhawar farashi na sauka, masu kuka kuwa lalaci ne da hassada ke damunsu. Ni kuma albashina ba ya kai ni tsakiyar wata. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?
Mai karatu daga Mabera

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. A kan alƙaluma yayanka bai yi ƙarya ba, amma kalmar lalacin nan ta yi mini zafi, kuma da ita zan ƙare.

A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Wata guda bayan nan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya shekarar da take auna farashi da ita daga 2009 zuwa 2024, sai lissafin ya dawo kashi 24 da ɗoriya. Ko da saukar ta gaskiya ce, ma'anarta ita ce kaya sun rage saurin tashi. Tiyar gero da ta ninka kuɗinta tana iya zama a inda ta hau, a rediyo kuma a ce maka an samu sauƙi.

Ka auna da aljihunka. A 2019 mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, dala tana wajen 360, wato sama da dala 80. A Yulin 2024 aka mayar da shi 70,000, dala kuma ta kai wajen 1,500, ka ga bai cika dala 50 ba. Litar mai da ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Wanda dukiyarsa take cikin siminti da rodi da filaye, duk lokacin da naira ta faɗi kayansa tashi suke yi tare da dala. Kai abin da ka mallaka shi ne albashi, shi kuwa ba ya motsi sai an yi shekaru ana ja-in-ja. Gida ɗaya kuka fito, nono ɗaya kuka sha, amma guguwar da ta ɗaga rumbunsa ita ta yaye maka rufi. Ba laifinsa ba ne, halaliyarsa yake nema. Sai dai bai kamata ya auna ƙasa duka da shagonsa ba.

Mu a nan abin ya same mu da rauni tun farko. Binciken talauci da hukumar ƙididdigar ta fitar a 2022 ya ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma Sakkwato ce kan gaba da kashi 91 cikin 100. Aka zo aka rufe iyakar Illela bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024, fatake da direbobi suka zauna. Gaskiya ne kason jihohi daga asusun tarayya ya ƙaru sosai bayan cire tallafi, kuma kai da ke cikin aji ka fi ni sanin ko ƙarin ya iso kan benci da alli.

To, batun lalaci. Kawuna manomi ne daga yankin Sabon Birni. Sama da shekara 40 yana noma gero da wake, bai taɓa auno hatsi a kasuwa ba. Yau shekara biyu ke nan yana zaune a zauren gidana da iyalinsa, 'yan bindiga sun raba shi da gonarsa. Da asuba yake fita neman aikin lebura, da furfurarsa, wata rana ya samu, wata rana ya dawo hannu rabbana. Idan na ji an kira irinsa malalaci, wallahi sai zuciyata ta yi nauyi.

Kada ka ɗaga wa yayanka murya, na gaba ne. Ran da kuka zauna cikin raha, ka tambaye shi nawa yake biyan yaran da ke sauke masa siminti a wuni, nawa yake biyansu a 2022, sannan ku lissafa tare tiya nawa kuɗin ke aunowa a da, nawa yake aunowa yau.