Kwanon da kare ya bari

Ka ce karen da aka kawo mana ajiya ya ƙi cin abinci tun jiya da yamma, ya sunsuna ya kau da kai, kana tambaya ko ka canja masa abinci ko ka sayo maganin buɗe ciki da ka gani a waya. Zauna. Ajiye wayar nan tukuna, ba ita za ta koya maka kare ba.

Ka zo mini da tambaya, amma ba ka zo da komai a hannu ba. Ba ka gaya mini shekarunsa ba, ba ka ce ya sha ruwa ko bai sha ba, ba ka duba kashinsa ba, ko zafin jikinsa ba ka gwada ba. Ba zan tsaya koya maka yadda ake saka ma'auni a duburar kare ba, wanda ya yi wata uku a wurina bai iya wannan ba gara ya nemi wata sana'a. Lambar kawai ka riƙe: lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39.2 a ma'aunin Celsius. Ya kai 40, akwai magana. Ya faɗo ƙasa da 37.5 yana kwance laƙwas, wannan ya fi zazzaɓin ban tsoro.

Ruwa ba ya tsami banza. Karen da shekaranjiya ya lashe kwano har yana tura shi da hanci, yau ya juya masa baya, akwai abin da ke cinsa. Ni na koyi wannan da tsada, kuma tambayarka ta tayar mini da mikin.

A lokacin ina da wata karya irin ta Jamus ɗin nan da 'yan sanda ke aiki da su. Ban taɓa riƙe kamarta ba, har yau. Ta haifi tara, duka suka rayu, ƙafafu kamar taɓare. Suna sati bakwai, an yi musu allurar farko, mutum biyar sun riga sun ba da kafin alƙalami. Sai ga wani mutum da yamma a babbar mota, da ɗan kwikwiyo ɗan wata uku a hannun yaronsa. Wai tafiya ce ta kama shi, kwana goma zai yi, an ce masa babu wanda ya kai ni riƙon amana. Ka ji inda ya kama ni. Na tambayi rigakafi, ya zaro kati mai hatimi da sa hannu. Na duba sama-sama na mayar masa, don kada ya ce na raina shi. Ya biya kuɗin kwana goman nan take, ko ragi bai nema ba. Da ina da hankali a nan ya kamata in tsaya, domin mai kuɗin da bai yi ciniki ba akwai abin da yake gudu.

Da daddare na ajiye wa kwikwiyon abinci. Ya ɗan lasa, ya koma lungu ya kwanta. Na buga wa mai shi waya. Ya yi dariya, ya ce baƙunta ce, ɗan gata ne, a gida ma sai an lallaɓa shi. Na yarda, saboda hakan na faruwa: kare ya canja wuri ya yi kwana guda yana fushi da abinci. To ga abin da na yi da hannuna, wanda ban taɓa gaya wa wani yaro kafin kai ba. Na ga abinci mai kyau, da nama a ciki, zai lalace. Na ɗauki kwanon nan na kai wa 'ya'yan karyata. Suka cinye tas, suna kaɗa jela. Tsintsiyar da na share kejinsa da ita na share nasu, takalmin da na shiga wurinsa da shi na shiga wurinsu.

Washegari bai ci ba. Rana ta uku amai ya fara, sai gudawa, da yamma ta koma jini. Wanda ya taɓa jin wannan ƙarnin ba ya mantawa, tun daga bakin ƙofa na san na shiga uku. Farbo ce, wato cutar parvo mai kashe 'yan kwikwiyo. Likitan dabbobi ya zo, ya karɓi katin da na sa aka aiko, ya juya shi sau biyu ya ce mini: ina 'yar takardar da ake ɓamɓarowa daga jikin kwalbar allura a manna? Babu ko ɗaya. Hatimi ne kawai, wanda kowa zai iya sa a sassaƙa masa.

Cutar nan sai wajen 1978 duniya ta san ta a jikin karnuka, cikin ɗan lokaci ta zagaye ko'ina. Tana cinye bangon hanji, ta kuma karya ƙwayoyin jinin da ke kare jiki. Babu allurar da za ka yi ta kashe ta nan take. Ƙarin ruwa ne, da maganin tsayar da amai, da na hana wasu ƙwayoyin cuta shiga jini ta hanjin da ya yage, sai jiran ikon Allah. Kuma allura ɗaya ba ta isar wa kwikwiyo, saboda kariyar da ya sha a nonon uwa tana iya danne rigakafin. Shi ya sa ake maimaitawa duk bayan sati uku ko huɗu har ya kai sati 16. Nawa guda ɗaya suka samu.

Kwikwiyon mutumin ya mutu a rana ta biyar. A daren ne na farko cikin nawa ya ƙi abinci. Sati biyu na yi ban kwanta a gado ba, ina riƙe da ledar ƙarin ruwa a kan ƙusa, ina jin numfashinsu ɗaya bayan ɗaya. Shida suka tafi. Uwar tana zagaya kejin tana nemansu. Na mayar wa mutum biyar kuɗinsu, wasu sai da na ci bashi. Filin nan kuwa shekara guda ban sake ajiye kwikwiyo a ciki ba, domin ƙwayar tana iya yin watanni a ƙasa, har shekara. Siminti ne kawai ake iya wankewa, bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi 30, a bar shi minti goma bayan an kwashe ƙazantar. Ƙasa kuwa ba ta wankuwa.

Kana tsammani ya ƙare? Mutumin ya dawo, ashe ma babu tafiyar da ya yi. Ya tsaya a ƙofata yana ɗaga murya, wai na kashe masa kare, sai na biya. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Yaron nasa ne daga baya ya same ni a ɓoye, ya ce 'yan'uwan kwikwiyon biyu sun mutu a gidan a wannan satin, da amai da gudawar jini. Wato ya san abin da ya ɗauko. Ya kawo mini shi ne don ya mutu a hannuna ya sami wanda zai ɗora wa asara. Ban biya shi ko sisi ba, amma wa ya biya ni? Na bar shi da Allah, sai dai ban yafe ba.

Saboda haka idan ka ce mini mai kare ya ce, ba na ji. Mai kare zai ce maka bai ba shi komai ba, alhali ya ɗura masa ibufurofen ɗinsa na ciwon baya, maganin da ke huda cikin kare ya lalata ƙoda. Zai rantse babu guba a gidansa, ya manta ya zuba maganin ɓera a bayan kicin, kuma irin mai tsinka jinin nan sai bayan kwana uku zuwa biyar yake nuna kansa. Ka tambaye shi, amma jikin karen za ka gaskata.

Fara da rarrabe wanda ba ya so da wanda ba ya iyawa. Kare ya zo da ɗoki, ya ɗauki loma ta faɗo, yana kai hannu baki, wannan yunwa yake ji, bakin ne ke da matsala: haƙori ya tsage, ko itace ya gitta a ganɗa. Amma ka ji ni da kyau. Karen da ba ka san tarihin rigakafinsa ba, yana dalala, ya kasa haɗiya, halinsa ya canja, kada ka kuskura ka cusa hannu wai kana neman ƙashi. Ciwon haukan kare haka yake zuwa, kuma idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum sai dai a yi haƙuri. Rufe shi, kira likita.

Ɗaga leɓensa ka ga dasashi. Ja-ja mai danshi ake so, ka danna da yatsa launin ya dawo kafin daƙiƙa biyu. Ya yi fari fat ko ɗorawa-ɗorawa, bi jikinsa ka nemi kaska, cikin kunne da tsakanin yatsu, zazzaɓin kaska yana shanye jini. Yana cin abu ya dawo da shi, ciki da ciwo, tuna da totuwar masara da safa da dutse, duk na ga an ciro su daga hanji. Babban kare mai zurfin ƙirji yana kakarin amai ba abin da ke fita, ciki ya kumbura kamar ganga, wannan tumbi ne ya murɗe, sa'o'i ake ƙirgawa, ba kwanaki ba. In mace ce da ba a cire mata mahaifa ba, ta gama neman namiji wata ɗaya ko biyu da suka wuce, ta bar abinci ta koma shan ruwa kamar raƙumi, ka zargi mugunya a mahaifa ko da ba ka ga komai na fita ba. Wadda ba ta fitarwa ita ta fi kisa.

Babban kare da ke shan ruwa, yana wasa, zafinsa daidai, zan iya ba shi kwana ɗaya. Wani lokaci ma karya ce ke kan lokacinta a kusa, namiji ya manta da ciki. Kwikwiyo kuwa ko rabin yini ba na jira, jikinsa ba shi da ajiya.

Ku yaran yanzu kuna son magani kafin ku san ciwo. Maganin buɗe ciki! Ka buɗe cikin da totuwa ta toshe? Mu sai da muka shekara muna kwashe kashi, a nan muka koyi karanta shi, ku kuwa kuna toshe hanci kuna ɗaukar hoto.

Tashi ka ɗauko ma'auni da katin karen nan, in ga takardar kwalbar da idona. Ka mayar da shi keji na ƙarshe, da tsintsiyarsa daban. Abincin da ya bari ka zubar, kada in ga ka ba wani. Kuma ka cire takalmin nan kafin ka wuce ta wurin 'yan kwikwiyo.