Tambaya da amsa: Yaya zan tsara ƙa'idar toshe saƙonnin banza a imel?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da sabar imel (kwamfutar da ke karɓa da aika saƙonni) ta wata makaranta a Mabera, Sakkwato. Duk malamin da saƙon banza ya dama sai ya ce in toshe adireshin. Yanzu jerin ya yi tsawo, har saƙonnin wasu iyaye sun daina shigowa. Yaya zan rubuta ƙa'ida a kan wannan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara da rubuta laifin da ke jawo toshewa, da harshen da shugaban makaranta zai gane. "Ya dame ni" ba hujja ba ce. Hujja ita ce tallar da aka watsa wa jama'a ba su nema ba, ko saƙon damfara mai neman kalmar sirri ko lambar BVN, ko fayil mai ƙwayar cuta. Duk wanda aka toshe, a rubuta rana da sunan mai ƙorafi, a ajiye kwafin saƙon.

Amma inda nake so ka fi zama ka yi tunani shi ne ƙofar fita, wato yadda ake cire suna daga jerin, domin nan ne ake zaluntar mutane ba a sani ba. Takardar RFC 6471, shawarwarin ƙwararrun intanet kan jerin toshe imel, wadda ta fito a 2012, ta nemi masu irin wannan jeri su bayyana sharuɗɗan shiga da na fita a fili, kuma kada su karɓi kuɗi kafin su cire suna. Sa wa'adi, ko da wata uku ne, bayansa a sake dubawa. Saita sabar ta mayar wa mai aikowa da bayanin dalili, maimakon ta haɗiye saƙonsa shiru. Kuma ka ba da lambar waya don ƙorafi, tunda uban da aka toshe ba zai iya kawo kukansa ta imel ba.

Kada laifin mutum ɗaya ya sa ka toshe Gmail gaba ɗaya. Mu 'yan Najeriya mun san zafin wannan kuɗin goro, don akwai sabobin ƙetare da suka rufe mana ƙofa duka saboda 'yan 419.

Sunan mai aikowa ma ana ƙirƙirarsa cikin sauƙi, shi ya sa jerin hannu ba ya riƙe 'yan damfara. Kunna binciken SPF, DKIM da DMARC, hanyoyin tantance ko saƙo ya fito daga inda yake iƙirari, ka haɗa da jerin Spamhaus, ƙungiyar da ke bin diddigin masu watsa saƙon banza tun 1998. Saƙon da ake shakkarsa kuwa a killace shi, ka riƙa leƙawa kowace safiya.