Amsa ga mai tambaya kan shan man Corolla otomatik

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce ka sayar da manuwal ka sayi Corolla 2007 otomatik, kana zaune a Yelwa kana shiga cikin garin Bauchi aiki kullum, ƙarshen mako kuma ka leƙa Gombe, amma mai ba ya auki kamar da. Ka kuma ce wani ya ba ka shawara ka riƙa mayar da giya N a gangara da wajen danja. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ke neman dabara, sai dai wasu dabarun da ke yawo a gari asara suke jawowa.

Motarka giya huɗu gare ta, kuma a maimakon kuloci tana da abin da bakanikai ke kira kwambata. A cikinsa akwai fanka biyu da ke fuskantar juna a cikin man giya, inji na juya ɗaya, mai kuma ya tura ɗayar. Muddin haka suke aiki, wani ɓangare na ƙarfin inji yana tafiya a zafi, bai isa taya ba. Sai mota ta kama gudu daidai, ƙafarka ta natsu a wuri ɗaya, sannan kwamfutar motar take kulle su biyun su zama abu guda. A nan ne otomatik ke daina ɓarnar mai. Don haka aikin direba shi ne ya kai motar giya ta huɗu da wuri, ya bar kwambata ta kulle, ya daina tayar mata da hankali.

Da ƙafa ake yin wannan. In za ka tashi daga tsaye, taka totur matsakaici, ka bar allurar inji, wato mai nuna saurin juyawarsa, ta hau tsakanin 2,000 da 2,500, kada ta wuce. Da ka kai gudun da kake so, ɗan sassauta ƙafa kaɗan, za ka ji ta sauya giya, allura ta sauko. Ka gwada a miƙaƙƙen titi kana kallon allurar, cikin kwana kaɗan kunnenka zai gane sautin. Jan jiki fiye da kima ma ba alheri ba ne, domin mai lallaɓa totur kamar yana tsoronsa yakan daɗe a giya ta ɗaya da ta biyu, inda mai ya fi tafiya. Ɗaya gefen kuma shi ne danna totur har ƙasa. Kana yin haka motar za ta sauko giya ɗaya ko biyu, allura ta haura 4,000, inji ya yi ta kwankwaɗa. Ka ajiye wannan don wuce tirela a hanya, inda jinkiri ke da haɗari.

In ka sake tayar da motar, duba dashbod. A jikin sandar giyar Corolla irin taka akwai ƙaramin maɓalli na O/D. In aka danna shi, fitila mai rubutun O/D OFF tana kamawa, ma'ana an hana motar shiga giya ta huɗu. Mutane da yawa suna yawo da wannan fitila a kunne, wasu ma an gaya musu wai ita ce ke nuna komai lafiya. A gudun kilomita 80, inji da ya kamata ya tsaya wajen 2,000 sai ya haura 2,500. Fitilar a kashe ake son ta zauna. Masu Corolla ta 2009 zuwa sama ba su da maɓallin, amma D da 3 suna gefe da gefe, hannu na iya ture sandar zuwa 3 ba a sani ba.

Maganar N a gangara kuwa, don Allah ka bar ta. Dabarar direbobin zamanin kafireto ce, sakin mota a firi. Motarka mai nozul ce. In tana D, tana gudu, ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya daga totur, kwamfuta na yanke mai zuwa nozul, tayoyi ne ke juya inji. In ka mayar da ita N, dole inji ya ci gaba da shan mai don kada ya mutu. Ka ga wanda ya sa N ya fi shan mai ke nan. Ga kuma haɗarin da ya fi man tsada: nauyin mota duka ya koma kan birki. Mai saukowa daga Jos, wadda ke kan tudu kusan mita 1,200, zuwa Bauchi da ke wajen mita 600, in ya dogara da birki kaɗai a dogayen gangaren nan sai ya yi zafi ya daina kamawa yadda ya kamata. A irin wannan wuri ne O/D OFF ke da amfani, inji ya riƙe motar, kuma ba a sha mai ba tunda ƙafa ba ta kan totur. Da ka sauka ka mayar da shi.

A danja ko goslo na ɗan lokaci, bar ta a D ka taka birki. Abin da N zai rage maka a daƙiƙa 30 bai taka kara ya karya ba. In tsayuwar ta doshi minti biyu, kamar layin gidan mai ko jiran yara a ƙofar makaranta, kashe inji. Inji mai lita 1.8 yana silo yakan ƙona abin da ya kusa lita ɗaya a awa, da AC ya fi haka. Haka ɗumama mota da safe, minti ɗaya ya isa ko a cikin hunturu, sai ka tashi a hankali, a tafe take saurin yin zafi.

Cikin gari, abin da ya fi cin mai shi ne tashi da tsayawa. Daga Yelwa zuwa Wunti ko Muda Lawal, ga Keke Napep da ke tsayawa ba sanarwa, ga shataletale, ga tudun rage gudu. Duk lokacin da ka taka birki da ƙarfi, gudun da ka saya da mai ne ka zubar. Ka riƙa hango gaba, ka bar tazara tsakaninka da na gabanka. Ka hango danja ta yi ja, ɗaga ƙafa tun daga nesa, motar ta gangara da kanta. Sau da yawa kafin ka isa an saki hanya, ba ka tsaya cik ba. Kuma ƙafar dama kaɗai ake tuƙi da ita. Waɗanda suka baro manuwal sukan ɗora ƙafar hagu a kan birki tunda ba kuloci, birki na ɗan kamawa, inji na ja.

Hanyar Gombe kusan kilomita 150 ce ta Dindima da Alkaleri. Riƙe 80 zuwa 90. Turjiyar iska ba a hankali take ƙaruwa ba, in gudu ya ninka ita sau huɗu take ninkawa, shi ya sa 120 ke zuƙe tanki. Dokar hanya ma 80 ta ba ƙananan motoci a irin wannan titi, 100 a babbar hanya mai tagwaye. In ka hango hawa, ƙara gudu kaɗan tun a shimfiɗe, ka riƙe ƙafa a wuri ɗaya, ka yarda gudun ya ɗan ragu yayin hawan. In ka matsa mata sai ta riƙe 90 har ƙololuwa, giya za ta sauko. A hanya rufe gilashi ka kunna AC. A cikin gari lokacin bazara, in mota ta sha rana, buɗe gilasai zafin ya fita tukuna, sannan ka kunna, ka danna maɓallin da ke juya iskar ciki.

Duk wannan ba zai yi aiki ba in an taɓa abu ɗaya, kuma a garuruwanmu an cika taɓa shi: tamostat, wato abin da ke tsare ruwan inji kada ya tafi lagireto sai ya yi zafi. Bakanikai da yawa suna cire shi su haɗa fankar sanyaya inji kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Injin nan an yi shi ne tamostat ya buɗe a wajen digiri 82. In babu shi ruwa ba ya kai zafin da ake so, kwamfuta na ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai. Abin da ya fi muni a otomatik, Toyota ba ta barin giya ta huɗu da kullewar kwambata su shiga sai ruwan inji ya yi ɗumi. Alamar a fili take: fanka na tashi da zarar ka murɗa makulli, ko allurar zafi ba ta kai kusan tsakiya bayan tafiyar minti goma. In haka ne, sa a mayar da tamostat, a mayar da fanka kan na'urarta, a wanke lagireto in ya toshe. Ni a ganina wannan gyara ya fi duk wani maganin ƙara wa mai auki da ake sayarwa a kwalba.

Iskar taya ka bi takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, wajen 30 zuwa 32 ne, a auna da safe taya na sanyi. Kada mai faci ya dura maka 50, tsakiyar taya ce za ta cinye, riƙon titi ya ragu. Man giya ka zaro sandar gwaji inji na silo da zafinsa: ja mai haske ake so, in ya yi baƙi yana warin ƙuna a sauya, da irin wanda aka rubuta a jikin sandar, galibi T-IV ne a Corolla na shekarun nan. In fitilar cek injin na kunne, a sa kwamfuta a karanta kafin a sayi komai, domin na'urar auna iskar salansa in ta lalace tana ƙara shan mai sosai.

Allurar tanki ba ma'auni ba ce. Cika tanki har famfo ya yanke da kansa, mayar da ƙidayar tafiya sifili, yi harkokinka, ka koma famfo ɗaya ka sake cikawa, ka raba kilomita da litar da ta shiga. Misali kilomita 330 da lita 30, ka samu 11 a kowace lita. Lafiyayyar Corolla irin taka takan ba da 10 zuwa 11 a gari, 14 zuwa 15 a hanya. In ka gyara ƙafa na tanki biyu har yanzu kana ƙasa da 8 a gari, kawo mana alƙaluman tare da inda allurar inji ke tsayawa a gudun 80, daga nan za a gane ko giya ce ko inji.